Filin Tambaya da Amsa: Shin Mai Kaki Zai Iya Shugabanci da Shawara Ba Tare da An Raina Shi ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni jami'in ɗan sanda ne, kuma kwanan nan aka ba ni riƙon ofishin yanki a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Jihar Katsina da ke bakin daji. Da na kama aiki sai na ɗauki al'adar zama da yarana, tun daga sufeto har zuwa kurtu, ina jin ra'ayinsu kafin mu fita sintiri, sannan na buɗe ƙofar ofishina ga masu unguwanni da sauran jama'ar gari. Wasu daga cikin magabatana a aiki sun ja ni gefe sun ce wannan hanya za ta jawo mini raini, domin a cewarsu aikin kaki umarni ne daga sama zuwa ƙasa, ba a san shi da shawara ba. Ina roƙon ku haska mini, shin in ci gaba ne, ko in koma kan abin da na tarar?

Daga wani baturen 'yan sanda, Jihar Katsina.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Yallaɓai. Allah ya taya ka riƙo, ya kare ka da waɗanda ke ƙarƙashinka. Shawarata ita ce ka ci gaba, amma ka fara da ba magabatan naka haƙƙinsu, domin akwai gaskiya a cikin maganarsu. Idan aka buɗe wa motar sintiri wuta a hanyar Batsari ko ta Jibiya, lokacin muhawara ya wuce, kuma duk jami'in da ya tsaya neman dalili kafin ya bi umarni zai jefa ransa da na abokan aikinsa cikin haɗari. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ƙa'idar da aka tanada domin wannan ɗan lokaci na tsanani a shimfiɗa ta a kan dukkan sauran lokutan aiki, alhali kuwa mafi yawan aikin ɗan sanda sauraro ne da bincike da sasantawa.

Yana da kyau a san inda wannan ɗabi'a ta samo asali. Rundunar da kake yi wa aiki ta tsiro ne daga 'yan tsaron da Turawa suka kafa a Legas a 1861, aka kuma haɗa rundunonin Arewa da Kudu suka zama ɗaya a 1930, kuma manufarta ta farko ita ce tabbatar da ikon mai mulki a kan waɗanda ake mulka. A nan Arewa mun san dogarai, mun kuma san 'yan doka na En'e, waɗanda gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960. Dokar da ta tafiyar da rundunar tun 1943 ba a maye gurbinta ba sai a 2020. Turawan da suka kafa mana wannan tsari suna da wani daban a gidansu, domin 'yan sandan birnin Landan da Robert Peel ya kafa a 1829 an gina su ne a kan neman yardar jama'a, har ba a ba su bindiga a aikin yau da kullum ba. Mu abin da muka gada shi ne tsarin bariki, inda magana ke gangarowa daga sama amma ba ta da hanyar hawa.

A nan ne ɓarnar take, kuma a kanta nake so ka tsayar da tunaninka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kurtun da ke tsaye a bakin kasuwa ranar cin ta, da kofur ɗin da ke haya a cikin unguwa yana sallar asuba tare da mutanen gari, sun fi ka sanin wanda ya fara sayen burodi da man fetur fiye da buƙatar gidansa, da hanyar da baƙin babura suka fara bi da dare. Idan duk lokacin da ƙaramin jami'i ya kawo labari marar daɗi sai a daka masa tsawa, ko a tambaye shi wa ya sa shi magana, to a hankali zai koyi yin shiru, ya ƙame ya ce komai lafiya. Daga nan rahoton da ke zuwa teburinka zai zama abin da ake zaton kana son ji, kai ma ka tura shi sama a haka, har ranar da abin da kowa ya sani a ƙasa zai fashe a matsayin abin mamaki a hedikwata. Shugaban da ake tsoro ƙwarai shi ne yakan zama na ƙarshe da zai ji gaskiya a ofishinsa.

Ma'aikatan jirgin sama sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Maris na 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin jirgin KLM yana cikin manyan matuƙan kamfanin, shi ne ma mai horar da wasu. Lokacin da ya fara gudun tashi, injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar hanya, matuƙin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, kuma ba wanda ya sake tanka masa. Bayan wannan hatsari da wasu makamantansa ne kamfanonin jiragen sama suka shigo da horon da ke wajabta wa ƙaramin ma'aikaci faɗin abin da ya gani a fili, ya kuma wajabta wa babba saurare. Har gobe kyaftin ne ke da maganar ƙarshe a jirgi, ba a rage masa iko ko kaɗan ba, abin da aka sauya shi ne an buɗe hanyar da labari zai iso gare shi kafin ya yanke hukunci.

Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. Malaman tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kawo cewa a ranar Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, da rundunar Musulmi ta sauka a wani wuri sai Hubabu ɗan Munziru ya tambaya ko wahayi ne ya zaɓi wurin, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuma karɓa. Haka nan haƙa gwalalo a kewayen Madina a shekara ta 5 shawarar Salmanul Farisi ce. Duk wanda ya ce maka neman shawarar na ƙasa yana zubar da kwarjinin jagoran mayaƙa, to ka tuna masa waɗannan.

Abin da zai kare ka daga rainin da ake tsoratar da kai shi ne yaranka su san lokacin kowane abu. Kafin fita aiki akwai damar magana, kuma ka bar mafi ƙanƙanta a muƙami ya fara, domin idan kai ko sufeto kuka riga shi, abin da kuka faɗa kawai zai maimaita. Da zarar ka yanke hukunci an rufe wannan babi, sai bin umarni. Amma ka riƙa gaya musu manufar aikin tare da umarnin, saboda sajan da ya san cewa an tura shi ne domin manoma su samu kwashe amfanin gonarsu lafiya zai san abin yi idan ya tarar da al'amura sun sauya kuma babu layin waya, alhali wanda aka ce masa kawai ya tsaya a mararraba zai tsaya a nan ko da ana kai hari a bayansa. Bayan an dawo kuma sai a sake zama a duba abin da ya gudana, kai ma ka amsa tambaya kamar kowa. A wannan zama dole ka bambanta kuskure da laifi. Wanda ya yi kuskure cikin ƙoƙarin yin daidai gyara yake buƙata, wanda kuwa ya ci zalin ɗan ƙasa ko ya sayar da sirrin aiki hukunci yake buƙata, kuma kada kusancin da ke tsakaninku ya hana ka zartar da shi.

Zan faɗi wata magana da ba a cika son faɗinta ba. A iya fahimtata, ba zaman shawara ne ke jawo wa shugaba raini a aikin kaki ba, abin hannun yara ne. Duk shugaban da ke jiran kasonsa daga abin da aka tara a shingen bincike ya riga ya sayar da bakinsa, domin ba zai iya tsawata wa wanda ke kawo masa ba, komai yawan aninin da ke kafaɗarsa. Wanda kuwa ya kame hannunsa, ya tsaya sai alawus ɗin yaransa ya iso gare su cikakke, ya bi sawun jinyar wanda aka raunata da haƙƙin iyalan wanda ya rasu a bakin aiki, ba ya buƙatar ɗaga murya kafin a bi shi cikin daji da tsakar dare.

Ka kuma sani cewa doka tana bayanka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma, ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, ta kuma hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Idan ka tsayar da waɗannan a ofishinka, ka tabbatar beli kyauta ne a aikace kamar yadda yake rubuce a bango, jama'a za su kawo maka labarin da ba za ka samu da kuɗi ba.

Sai dai buɗe ƙofa ga jama'a yana da nasa haɗarin a yanki irin naka. Akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikin gari, saboda haka labarin sirri a keɓe ake karɓarsa, ba a taro ba, kuma ranar da sunan mai ba ka labari ya fita daga ofishinka ka rasa amanar garin gaba ɗaya. Ka kula kada ƙofar ta zama ta masu hali da masu sarauta kaɗai. Makiyayin da aka kore wa shanu da manomin da aka cinye wa gona su samu kunnenka daidai wa daida, haka ma matan da ba za su iya magana a gaban taron maza ba. Jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a 2023 'yan ƙasa ne da suka san hanyoyin daji, ka yi aiki da su, amma ka tsaya a kan cewa duk wanda suka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa.

Game da magabatanka, kada ka yi jayayya da su a gaban jama'a, kuma kada ka gabatar da abin da kake yi a matsayin sabon tsarin da ya zo gyara nasu. Ka riƙa sanar da kwamandan shiyyarka kafin ya ji a bakin wani, ka bar sakamako ya yi magana. Manyan sauye-sauye irin na ƙasar Jojiya, wadda ta sallami 'yan sandan kula da hanya gaba ɗayansu a 2004 ta ɗauki sababbi, ko na Arewacin Ireland da ya sake wa rundunarsa suna da tsarin ɗaukar ma'aikata a 2001, aikin gwamnati ne, ba na baturen 'yan sanda ba. Abin da ke hannunka shi ne ofishi ɗaya, kuma takardar canjin wurin aiki tana iya zuwa kowane lokaci. Saboda haka ka sanya zaman shawarar cikin jadawalin ofis a rubuce, ka riƙa barin mataimakinka ya jagorance shi wani lokaci, domin ya ci gaba bayan ka tashi.

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Daura, an naɗa ni shugabar wani sashe a asibiti, kuma a cikin waɗanda nake shugabanta akwai waɗanda sun haife ni. Idan na ba da umarni sai in ji nauyi, idan na yi shiru kuma aiki ya lalace. Yaya zan yi?

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Daura.

Amsa:

Barka kadai, Hajiya. Nauyin da kike ji tarbiyya ce mai kyau, kada ki yar da ita. Amma girman shekaru da nauyin aiki kowanne da gurbinsa, kuma an naɗa Usamatu ɗan Zaidu jagoran runduna yana matashi alhali a cikinta akwai manyan sahabbai. Ki ci gaba da gaishe su yadda kika saba, ki kira su Inna ko Yaya, ki nemi shawararsu a kan abin da suka daɗe suna yi, domin wadda ta shekara da shekaru a ɗakin haihuwa tana gane alamar haɗari kafin na'ura ta nuna. Idan gyara ya kama, ki yi shi a keɓe, kada ki yi a gaban majinyata ko ƙananan ma'aikata. Abin da ya shafi jadawalin aikin dare da lokacin ba da magani da miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa kuwa, ki rubuta shi ki liƙa, ki fara ɗora wa kanki kason da ya fi wuya, sannan ki nemi kowa ya cika nasa ba tare da togiya ba. Idan aka sami wadda ta ƙi bayan kin yi mata magana a keɓe, ki sanar da ita cewa za ki kai maganar ga shugabar ma'aikatan jinya, sannan ki kai.