Tambayoyinku kan Fasaha: Quetzal ɗin da ya ƙi sauka ƙasa

Tambaya: Malam, barka da aiki. A wasan ARK: Survival Evolved, na daɗe ina bin wani Quetzal, ƙatuwar dabbar nan mai tashi, ina jiran ya sauka in harbe shi da kibiyar sa barci don in horar da shi, amma ya ƙi. Ko wasan nawa ne ya lalace? In goge in sake saukewa?

Amsa: Kada ka goge komai. Wannan ɗabi'a ta goge manhaja duk lokacin da abu ya gagare ku tana ba ni haushi. Wasanka lafiyarsa ƙalau, haka kamfanin da ya yi wasan, Studio Wildcard, ya tsara dabbar. Quetzal na daji ba ya sauka. Yana ta shawagi ne sannu a hankali, ba ruwansa da kowa, kana taɓa shi kuma sai ya ƙara gudu ya tsere. In saukarsa kake jira, ka nemi tabarma.

Masu harbinsa daga ƙasa su ma ɓarnar kibiya suke yi. Kibiya ɗaya za ta same shi, ya yi nisa, kafin ka sake cim masa ma'aunin sumansa ya koma ƙasa. A sama ake yin aikin. Matsalar ita ce mahayin dabbobi masu tashi irin su Pteranodon ko Argentavis ba ya iya harbi daga kan sirdi, don haka ka nemi abokin wasa. Ko dai ya ɗauke ka a ƙafafun Argentavis kana harbi, ko ku hau Tapejara, shi yana tuƙi kai kana kujerar fasinja. Idan kai kaɗai ne, kuma taswirar da kake kai tana da Griffin, shi ana harbi daga bayansa. Akwai masu rataye kansu da ƙugiya a ƙarƙashin tsuntsunsu suna ba shi umarni da fito. Dabarar tana yi, amma kada ka gwada ba laimar sauka a jikinka.

Ni doguwar bindiga da allurar sa barci na fi so a kan baka, domin allura ba ta cin lafiyar dabba kamar kibiya. Mutane da yawa kashe Quetzal suke yi kafin ya suma, sannan su zo suna ƙorafi.

Abin da ya fi muhimmanci kuma, ka riƙa duba ƙasa kafin harbin ƙarshe. Inda ya suma nan zai faɗo. In kan teku ne, ya nutse. In cikin mafarauta irin su Raptor ne, ka yi musu hidimar abincin dare. Yana faɗuwa ka kewaye shi da katangar tsini, domin duk cizon da ya sha yana sume yana rage ingancin horarwar, wato matakan da zai ƙaru da su. Ka zo da Narcotic, maganin da ke hana shi farfaɗowa, tun daga sansani. Ana dakan kowanne da Narcoberry 5 da ruɓaɓɓen nama 1 a turmi. Abinci kuwa, haɗin da ake kira Exceptional Kibble ne gaba, sai ɗanyen naman tunkiya. Naman da ake kira Prime saurin ruɓewa gare shi, sai dai a samo shi bayan dabbar ta faɗi. Sirdinsa a kwamfuta sai ka kai mataki na 76, mai dandamali kuma 97. In ba ka kai nan ba, me kake nema da shi?

Tambaya: An ce Quetzal mafarauci ne, amma bai taɓa kai mini hari ba. Ƙarya ce?

Amsa: A ARK nama yake ci, amma ba ya farauta. Na gaskiyar, Quetzalcoatlus, wanda Douglas Lawson ya gano ƙasusuwansa a Texas ta Amurka a 1971, faɗin fikafikansa ya kai mita 10 zuwa 11. Masana irin su Mark Witton da Darren Naish suna ganin a ƙasa yake kiwo, yana tsintar ƙananan dabbobi kamar yadda burtu ke yi. Ka ga masu wasan sun juya shi kenan. Kuma shi ba dinoso ba ne, ba tsuntsu ba. In mai farauta kake so, nemi Hatzegopteryx a Path of Titans. A can ɗan wasa ne ke sarrafa shi, halinsa halin mai shi ne.

Tambaya: Wayata tana zafi tana tsayawa idan na tashi sama.

Amsa: Malama, daga sama wayar tana zana fili mai faɗi lokaci guda. Rage ingancin hoto da inuwa a saiti, cire rigar wayar, ki daina wasa tana caji.

Tambaya: Na ga wani shafi yana ba da ARK da aka yi wa kutse, da Quetzal horarre kyauta. In sauke?

Amsa: A'a. Irin waɗannan fayiloli su ne hanyar da aka fi cusa manhajar satar bayanai a waya. Sauke na Play Store ko App Store.

Tambaya: Nawa horarren ya tashi da kansa ya ɓace.

Amsa: Ka bar shi a kan umarnin rama hari ko bin wani abu. Da ka sauka, ka mayar da shi Passive, wato umarnin kada ya rama hari, ka cire masa bi da yawo. Wanda ya tafi kuma, hau wata dabba mai tashi ka duba can ƙololuwar sama da gefunan taswira, kana fiton kira.