Mariƙin sandar fatsa ya tsage: in jiƙa sabon cikin baƙin mai?

Tambaya: Malam, ni masassaƙi ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Wani mai zuwa kamun kifi tafkin Gidimuni ya ba ni aikin mariƙin sandar fatsarsa irin ta ƙasar waje. Na yi masa da maɗaci da liyej, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, cikin damina. Hunturu na shigowa itacen ya tsage, mariƙin kuma yana juyawa a jikin sandar, yanzu ya ce sai na biya shi. Wani makanike ya ce in jiƙa sabon cikin baƙin man mota kwana uku, ba zai ƙara tsagewa ba. Hankalina a tashe yake. In yi hakan?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, aikin gyaruwa zai yi. Amma baƙin mai kam, ko kusa da shi kada ka je.

Abin da ya faru a fili yake: ɗanyen itace ka sassaƙa. A watan Agusta maɗaci cike yake da laima, da iskar hunturu ta busa sai ya tsuke, ita kuwa sandar ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Dole ɗaya ya ba da kai. Nemi busasshe, ka shafa kakin zuma a bakunansa biyu, ka ajiye a inuwa kana aunawa a sikeli kowane mako. Ran da nauyi ya daina raguwa, ya yi.

Sai maganar makaniken nan. Wallahi ta ishe ni, kullum sai na ji ta, daga ƙotar fartanya har ƙyauren ɗaki, wai baƙin mai maganin komai. To ka ji. Gam ba ya kama abin da ya sha mai. Ko Araldite mafi tsada ka sa, zai bushe ya saɓule, ka koma gidan jiya. Liyej kuma me ya haɗa shi da jiƙo? Ɓawon itace ne da Allah ya halitta ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa ake toshe kwalba da shi. Kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa, itacen sai ya kai wajen shekara 25 kafin a fara ɓare shi, daga nan sai bayan kowace shekara 9. Abin da aka yi wa wannan haƙuri shi za ka tsoma a daron gareji? Ana son sa ne don ba ya santsi a jiƙaƙƙen hannu. Ka shafa masa mai, tarwaɗa ta fizga, sai mai fatsa ya tsaya yana kallon sandarsa tana tafiya cikin tafki.

Duk wannan asarar kuɗi ce kawai. Man da ya fito daga inji yana ɗauke da burbushin ƙarfe da gubar ƙonewa, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna yawan taɓa fata da shi yana jawo ciwon daji. Mutumin nan yini zai yi yana riƙe da mariƙin cikin zafin rana, man yana tsattsafowa a tafinsa, da hannun zai saka ƙugiya, da shi zai ɓare goro ya kai baki. Abin da ya wanku kuma cikin ruwan da dabbobi ke sha zai tafi, wanda masu lambu ke ban ruwa da shi. Masu ba da wannan shawara ba sa nan ranar biyan diyya.

Ga yadda za ka sake aikin. Itacen ado kada ya wuce santimita 3 zuwa 4 a gindi da wajen kujerar zare, wato inda ake ɗaura abin naɗe zaren fatsa, saura duk liyej, in ba haka ba nauyi zai gajiyar da wuyan hannu. Maɗaci ya fi mini. Kanya da marke suna da kyau amma nauyi gare su. Saya a hannun masu katako a kasuwar Dole, kada ka je ka sari na daji ka haɗu da jami'an gandun daji. Jera zobban liyej a kan dogon ƙarfe mai zare, gam kaɗan tsakani, ka matse da noti su kwana. Sandar tana da tsini, don haka ramin tsakiyar mariƙin ma da tsini za ka buɗe shi da zagayayyen magagari, kana gwadawa har ya zauna daram ba girgiɗi. Karce jikin sandar kaɗan, ka yi amfani da gam mai haɗi biyu wanda ke ɗaukar awa 24, ban da na minti 5. Goge da takardar yashi lamba 80, sai 120, ka ƙare da 220. Ƙananan ramukan liyej kuwa, kwaɓa garinsa da gam ka cike.

Itacen kaɗai za ka shafa wa banis, ciki da waje da bakunan, shafi uku. Liyej a bar shi haka nan. In mai sandar yana son adon fata irin na dukawanmu, yi masa a gidan ajiye sandar, don fata a mariƙi ruɓewa za ta yi. Kuma ka gaya masa ya ba ka lokaci itacen ya gama bushewa.