Amsa: Me ya sa ake sare bishiya rabi a bar ta kwance?

Malam, ka ce ka ga bishiyoyi a dajin Michigan an sare su rabi an kwantar, kana tambaya ko ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce, da gangan masu daji a Amurka ke yin haka saboda barewa mai farar wutsiya.

Ana yanka gangar bishiyar da zarto mai inji kamar kashi biyu cikin uku, daidai tsayin ƙugu ko ƙirjin mutum, sannan a tura ta a hankali ta kwanta. Ɓawo da ɗan naman icen da suka rage su ke ci gaba da kai ruwa sama, don haka bishiyar ba ta mutuwa nan take. Tana iya yin shekaru tana toho a kwance. Ganyen da a da ya fi ƙarfin barewa yanzu ya sauko bakinta, ga wurin ɓuya a ƙarƙashin rassan, rana kuma ta samu ƙofar shiga, ciyawa da ƙananan tsiro su taso. An fi yin aikin a ƙarshen hunturu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci.

Ƙananan bishiyoyi ake zaɓa, masu kaurin da bai wuce inci 6 ba, irin su mapul da elm. Itacen oak kuwa a ƙyale shi, 'ya'yansa abincin barewa ne.

Don Allah kada ka gwada a babbar bishiya. Gangar kan tsage a tsaye ta yi tsalle ta baya da ƙarfin gaske, daidai fuskar mai sara.