Amsoshin tambayoyinku: gishirin da ke ɓoye cikin leda da gwangwani

Wata baiwar Allah ta rubuto cikin damuwa: "Likita ya ce maigidana yana da hawan jini, a rage masa gishiri. Na daina zubawa kwata-kwata, sai nake ƙara dunƙulen ɗanɗano don abincin ya ciwu. Yanzu ga shi ba ya cin abincin sosai, jinin kuma bai sauka ba. Ina na yi kuskure?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma saka miki da wannan kulawa. Amma gaskiya ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Dunƙulen nan da kike murtsukewa cikin tukunya, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Abin da ke ɗaga jini shi ne sinadarin sodiyam, kuma jiki bai san ko daga cokali ya fito ko daga dunƙule ba. Idan ya yi yawa, jiki yana riƙe ruwa, jijiyoyi su cika, zuciya ta dinga bugawa da wahala, ƙoda ta galabaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin burodi, da dunƙule, da kifin gwangwani, da duk abin da aka ci tun safe har dare. A matsakaicin lissafi, mutanen duniya suna cin fiye da ninkin wannan.

Kada ki cire masa lokaci ɗaya, shi ya sa ya ture kwano. Ki rage kaɗan-kaɗan, gishirin da dunƙulen tare, ki yawaita albasa, tafarnuwa, citta da ɗan lemon tsami. Cikin 'yan makonni harshe yana sabawa. Kuma a dafa tukunya ɗaya ga kowa da kowa, kada a ware shi kamar baƙo a gidansa. Maganin da likita ya ba shi kuwa, ya ci gaba da sha. Rage gishiri yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa.

Wani kuma ya ce: "An tallata mini gishiri mai ruwan hoda, wai daga tsaunukan Himalaya, ba ya kawo hawan jini, yana da sinadarai masu yawa. Tsadarsa ta ninka ta gishirin gida sau da yawa. In saya?"

Malam, riƙe kuɗinka. Wannan tambaya tana yawan zuwa, kuma duk zuwanta raina yana ɓaci, domin masu ciwo ake cuta da ita. Gishirin nan daga ƙasar Pakistan ake haƙo shi, yawanci a yankin Khewra, kuma kusan kashi 98 cikin 100 nasa gishiri ne irin wanda ka sani. Ɗan abin da ya ba shi launi bai kai ya amfane ka ba sai ka ci abin da zai kwantar da kai a asibiti. Haka gishirin teku, haka duk wani mai kyakkyawar kwalba. Abin da ya fi muni, sau da yawa babu aidin a cikinsu, alhali aidin ɗin da ake sa wa gishirin gida shi ke kare mutane daga maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ka biya da tsada, ka rasa aidin, sannan ka dinga barbaɗawa da hannu sake don an ce maka ba ya cutarwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mutum zai tsaya ya karanta manyan haruffan da ke gaban leda, "mai ƙara lafiya", "daga tsirrai", amma ba zai juya bayanta ba, inda kamfani ya rubuta gaskiya da ƙananan haruffa. Ku juya ledar. Ku nemi layin sodiyam, ku ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Idan an rubuta miligiram 800, to giram 2 ke nan, kusan rabin rabonka na yini. A tsarin da ake bi a Birtaniya, abincin da ya haura giram 1.5 na gishiri a cikin giram 100 mai yawan gishiri ne, wanda bai wuce 0.3 ba shi ne mai ƙarancinsa. Ku lura da wata dabara kuma: wasu suna rubuta adadin rabin leda, alhali ba wanda ke cin rabi ya ajiye. Kada ku dogara da harshe. Burodi da biskit da hatsin karin kumallo na kwali ba sa nuna gishirinsu a baki, sukari ya lulluɓe shi. Wanda babu rubutun komai a jikinsa, ko rubutun ya goge, ko babu ranar lalacewa, ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Kuma rage gishiri a abincin kamfani yana yiwuwa: Birtaniya ta matsa wa kamfanoni su rage gishiri a hankali, tsakanin 2003 da 2011 cin gishirin jama'arta ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100.

Wata dattijuwa ta tambaya game da gishirin da aka rage wa sodiyam aka haɗa da potasiyam. Hajiya, wannan kam yana da tushe. Wani babban bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da aka fitar a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Sai dai ba na kowa ba ne. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi, domin potasiyam zai taru a jini ya rikita bugun zuciya. Wasu magungunan hawan jini ma suna tara potasiyam. Ki kai wa likitanki kwalayen magungunanki ya duba kafin ki saya.

"Yarana ba sa son komai sai taliyar leda." Ƙanwata, ke kike saya musu. Yawancin gishirin yana cikin 'yar ledar garin ɗanɗano da ke ciki, leda ɗaya kan kai rabin rabon babba ko fiye, kuma na yara bai kai na manya ba. Ki zuba rabin garin, ki fasa ƙwai, ki yanka ganye, kada kuma ta zama abincin kullum. Wake da masarar gwangwani, a tsiyaye ruwan a ɗauraye.

Wani saurayi ya ce shi yana motsa jiki, yana gumi, ba ya jin ciwon kai, don haka maganar ba ta shafe shi ba. Ɗana, hawan jini yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba. Je ka a ɗaura maka abin awo a dantse, mintuna kaɗan ne. Idan an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, ka ga likita.