Ɗan shekara 14 ya girmi wasan Lego?

Hajiya kin ce ɗanki mai shekara 14 in ya dawo daga lekol sai ya baje bulolin Lego, ƙananan bulolin roba na wasan gini, yana harhaɗawa, maƙwabta a nan Yamai suna cewa ya girmi abin, kina tambaya ko ki kwashe ki ba ƙannensa.

Don Allah kar ki kwashe. Girma ba ya raba mutum da wasan nan, abin da yake ginawa ne ke canzawa. Kamfanin na ƙasar Danmak ne, tun 1958 bulonsu ke da wannan siffa, kuma su da kansu sun rarraba, Duplo manyan bulo na ƙanana, Technic mai giya irin ta inji da tayoyi na manyan yara, har akwai kwalayen da aka rubuta 18+ a jiki na manya zalla. Yaron da zai zauna yana bin zane daki-daki har mota ta haɗu wallahi haƙuri da lissafi yake koyo, kamar yaran unguwa masu ƙera mota da gwangwani.

Kuskuren iyaye shi ne kunyata yaro gaban abokansa, sai ya watsar ya koma ma salula dare da rana. Sannan ƙananan guntayen haɗari ne ga yaron da bai kai shekara 3 ba, yana iya sa wa a baki ya shaƙe, don haka ɗanki ya riƙa tattarawa cikin roba mai murfi.

In kin ga ya daina hulɗa da mutane ko karatunsa ya ja baya sosai, to nan ki kai shi wurin likitan yara.