Alhaji, ba Sienna ce ta ci kuɗinka ba

Wani bawan Allah mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ya aiko min da dogon saƙo. Wata 14 da suka wuce ya ciri naira miliyan 6 da rabi daga jarin shago, ya sayi Toyota Sienna ƙirar 2006, ya ba ɗan yayarsa yana lodin fasinja daga tashar Kawo zuwa Kano. Da baki suka yi magana cewa yaron zai riƙa kawo balas na naira 80,000 duk mako. Wata biyun farko kuɗi sun shigo, daga nan sai uzuri ya biyo uzuri: yau babu fasinja, gobe taya ta fashe, jibi an kama shi a hanya. Yanzu inji ya buga a wajen Kwanar Dangora, bakanike ya ce gyara sai miliyan 1 da dubu 200. Tambayarsa ita ce: "Shin Toyota ɗin yanzu ta lalace ne? In sayar da ita in ƙara kuɗi in sayi Peugeot 406 guda biyu? Wani abokina ya ce in na tara mota uku a hanya, cikin shekara biyu na bar zaman kasuwa." Can ƙarshen saƙon, kamar abin da bai dame shi ba, ya ce bai san jimillar abin da yaron ya kawo ba, domin ɗan gida ne, bai ga dalilin rubutawa ba.

Alhaji, wannan layin na ƙarshe shi ne dukan maganar. Ka bar jaki kana dukan taiki. Ka rubuto min shafi guda a kan inji da giya da ƙirar mota, amma ba ka iya faɗa min ko naira miliyan ɗaya ka karɓa ko biyu a cikin wata 14 ba. Kai da idan yaron shago ya yanka yadi biyar sai ka tambaye shi wa ya sayar wa, kai ne ka ɗauki miliyan 6 da rabi ka ɗora a kan tayoyi huɗu, ka miƙa makulli, ka juya baya. Na karanta saƙon nan sau biyu, raina yana ɓaci, saboda na san hanyar da ka biyo. Ni ma na taka ta.

Bari in fara da Toyota ɗin da kake zargi, domin tarihinta ya shafe ka fiye da yadda kake tsammani. Asalin gidan masaƙa ne, 'yan'uwanka ne a harkar tufafi. Sakichi Toyoda injin saƙa yake ƙerawa a Japan, kuma abin da ya ɗaukaka injinsa na 1924 shi ne da zarar zare ɗaya ya tsinke, injin yakan tsaya da kansa, ba ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 suka sayar da haƙƙin ƙirar ga kamfanin Platt Brothers na Ingila a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya karkata zuwa mota, aka kafa kamfanin a 1937. Kuma ba a kan shimfiɗa suka taso ba: a 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, ma'aikata suka yi yajin aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Abin da ya fitar da su daga baya shi ne wancan darasin zaren. Suka tsara masana'anta yadda ƙaramin ma'aikaci zai iya tsayar da layin haɗa mota gaba ɗaya idan ya ga matsala, kuma suka ɗora wa manya cewa kada wanda ya yanke hukunci daga ofis, ya taka ya je wurin ya gani da idonsa. Da wannan hali aka fito da Corolla a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

To kai zarenka ya tsinke tun a wata na uku, ranar da balas ya fara zuwa a gutsure. Ba ka tsayar da komai ba. Ka bar injin yana ta saƙa har wata 11, kuma ko sau ɗaya ba ka ce min ka taka zuwa Kawo ka ga motarka a layi ba, alhali daga kasuwa zuwa can bai kai tafiyar rabin awa ba.

Mu yi ɗan lissafi, ko da a kan gwiwa ne. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. In yaron yana fita kwana biyar a mako, kilomita 2,300 ke nan. Motar haya a irin zafinmu da ƙurarmu, mai hankali ba ya wuce kilomita 5,000 bai juye baƙin mai ba, wato kusan duk mako biyu. A wata 14 motar ta ci sama da kilomita 130,000, ya kamata a ce an yi mata sabis fiye da sau 25. Sau nawa aka yi? Wane mai aka zuba, na galan a rufe ko na bakin titi da ake aunawa da gwangwani? Sienna ta 2006 injinta mai silinda 6 ne, kuma bel ne ke riƙe taimin ɗinsa, ana sauya shi a wajen kilomita 145,000, ga shi kuma ba sabuwa ka saye ta ba. An taɓa duba shi? Ƙari a kan haka, motar Amurka ce, mitarta da mil take ƙirga, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka lambar da ke gaban direba ba ta kai yawan kilomitan da aka yi ba. Duk waɗannan tambayoyi amsarsu tana cikin littafin da ba ka buɗe ba. Direban da ake bin sa balas, kuma ba mai tambayarsa rasit, abu na farko da zai tsallake shi ne juyen mai, domin inji ba ya kuka a ranar. Sai ya tara ya biya gaba ɗaya a Kwanar Dangora.

Da an cika alkawari, mako 60 sau 80,000 naira miliyan 4 da dubu 800 ne. Wannan ita ce lambar da za ka ajiye a gefe, ka kwatanta da abin da ya shigo hannunka. Ka kuma tuna kuɗin nan ba daga ƙarƙashin katifa ka ciro su ba, daga shago ne. Mu ce kana juya kaya sau huɗu a shekara da ribar kashi 8 cikin 100, miliyan 6 da rabi za ta ba ka kusan miliyan 2 kana zaune a inuwa, cikin sana'ar da ka sani kamar yunwar cikinka. Wannan ma asara ce, ko da ba ta bayyana a aljihu.

Game da Peugeot, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Fijo tamu ce. A 1975 aka fara haɗa ta a Kakuri, kuma 504 ta yi wa Arewa hidimar da ba a mantawa: ita ce motar gwamnati, ita ce motar tasha, ita ce ta kai amare da marasa lafiya ƙauyukan da babu kwalta. Ita ma 406 an haɗa ta a nan, tana da daɗin hanya, ba ta shan mai kamar Sienna, abin da ya zama babbar magana tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Masu ita kan yi ƙorafin waya da lantarki idan ta tsufa, kuma tana son bakaniken da ya san ta. Masu Toyota kuwa abin da suke yabo shi ne haƙurinta da sauƙin kayan gyara: ka shiga Panteka ko kowane gareji a Tudun Wada, za ka samu wanda ya san cikinta. Amma babu ɗaya a cikinsu da aka ƙera don ta yi tafiya ba mai. In ka sayi 406 biyu a wannan hali naka, ka ninka ramin ne kawai, direba biyu, uzuri biyu, kai kuma har yanzu ba littafi.

Shi kuwa abokin naka mai lissafin mota uku da barin kasuwa cikin shekara biyu, ka tambaye shi mota nawa yake da ita a hanya, kuma ya nuna maka lissafin shekara guda a rubuce. Na gaji da jin wannan zance. Masu yin sa balas kawai suke ninkawa, ba sa cire taya, ba sa cire takardu da inshora, ba sa cire makonnin da mota ke kwance a gareji, ba sa cire faɗuwar darajarta, balle ranar da tsautsayi zai faɗa. Waɗanda na sani sun yi arziki da sufuri, a tasha suke wuni. Sun san kamasho da sunansa, sun san ƙarar injinsu daga nesa. Sana'a ce cikakkiya, ba a yin ta da saƙon waya daga cikin shago.

Na ce maka na taka hanyar nan. Shekarun baya na sayi Hiace na ba ɗan kawuna, yaron da na goya. Na ji nauyin in ce mu rubuta, kada a ce na raina gidan kawu. Shekara ɗaya da 'yan watanni motar ta kwanta, na ce ya ci amanata, ya ce shi ne ma yake bina kuɗin gyare-gyaren da ya yi daga aljihunsa. Har yau ban san wane ne mai gaskiya a cikinmu ba, domin babu takardar da za ta raba mu. Motar na sayar da ita a kuɗin ƙarfe, wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni, shekara uku ba ma gaisawa, har kawu ya rasu muna cikin wannan hali. Kunyar da na ji ta minti goma ita ta jawo wannan. Shi ya sa idan mutum ya ce min "ai ɗan gida ne" nake jin tsoro. Bare in ya cuce ka, ka rasa kuɗi. Ɗan'uwa kuwa, kuɗin da zumuncin tare suke tafiya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba.

Akwai wata hajiya, tsohuwar malamar makaranta a Unguwar Rimi, da ta zo wurina da kuɗin sallamarta. Corolla ɗaya ta saya, ita ma ƙaninta ta ba. Bambancin kawai, ta zo da littafin makaranta mai layi. Duk Juma'a da yamma yakan kawo motar ƙofar gida, ta rubuta lambar mita, ta rubuta abin da ya kawo, su biyu su sa hannu. Kashi ɗaya cikin huɗu na balas ba ta taɓa shi, na mota ne. Sabis a wurin bakanikenta ake yi, ita take sayen mai da hannunta. Da farko ƙanin ya yi fushi, ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Bayan shekara uku motar tana nan da injinta na asali, ya gama biya ta zama tasa bisa yarjejeniyarsu, ita kuma ta sayi wata.

Don haka kada ka ƙara cire ko sisi daga shago, kuma maganar 406 ka ajiye ta. Daren yau ka zauna da wayarka, ka bi saƙonnin banki tun daga ranar da ka sayi motar, ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ka kashe, wanda aka ba ka a hannu kuma ka rubuta iya abin da ka tuna. Gobe ka je Kawo da kanka, ka gaisa da shugabannin layin Kano, ka tambayi yadda lodi yake tafiya da sau nawa motarka take fita a mako. Ba bincike na tozarci ba, mai dukiya ne ya zo ganin dukiyarsa. Sannan ka ɗauki bakaniken da kai ka zaɓa, a buɗe injin a gabanka. In ya tarar da mai ya daskare ya yi baƙi kamar kwalta, ka san rashin sabis ne. In lagireto ne ya yi yoyo aka ci gaba da tafiya da zafi, wannan ma zai gani. Kada ka amince da miliyan 1 da dubu 200 daga bakin wanda direba ya kawo.

In lissafi ya nuna hanyar tana biya, ka gyara, amma da sabon sharaɗi a rubuce da shaidu biyu: adadin balas, ranar kawowa, wanda ke ɗaukar wane gyara, abin da zai faru in an tsallake mako biyu, da ranar da motar za ta zama tasa in ya cika. Direban da ya san motar za ta dawo hannunsa ba ya zuba mata man gwangwani. In kuma ka ga ba ka da lokacin zuwa duba mita duk mako, ka gyara ta daidai yadda za ta tashi, ka sayar, ka mayar da abin da ya saura cikin atamfa. Toyota ko ta tsufa tana da masu nema, ba za ka rasa mai saye a Kaduna ba.

Kafin duk wannan, ka je gidan yayarka, kai kaɗai, ba tare da yaron ba. Kada ka ce ɗanta ɓarawo ne, domin ba ka da hujja, kuma wataƙila ba haka ba ne. Ka ce mata kuskuren naka ne da ba ka rubuta ba tun farko, kana so a gyara don kada abin ya shiga tsakaninku. Ka roƙe ta ta zama ɗaya daga cikin shaidun. Idan ka haɗa lissafin, ka turo min lambobin biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, sai mu duba ko gyaran ya cancanta.