Na shafa man saɓa, kumatuna sun ƙara baƙi: wane asid zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce daga Ƙauran Namoda, saura wata uku bikina. Fuskata mai maiƙo ce, ƙuraje ba sa barina, in sun mutu su bar baƙin tabo. A damatsana da cinyoyina kuma akwai wasu ƙanana masu kaushi kamar fatar kazar da aka fige. Wata mai gyaran jiki ta sayar mini da wani mai ruwan ɗorawa a 'yar kwalba, ta ce asid ne, in shafa sau uku a rana, in ya yi zafi in daure, aiki yake yi. Kwana biyar fatar ta fara saɓa. Yanzu kumatuna sun fi da baƙi, ko ruwan alwala ya taɓa su sai raɗaɗi. Ina ganin ana maganar AHA da BHA a TikTok. Wanne ne na fuska, wanne ne na jiki? Ko na riga na lalata fuskata?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ba ki lalata fuskarki ba, amma kin ƙona ta, kuma ƙonanniyar fata ba a sa mata kowane irin asid, ko da na kirki ne. Daga yau ki ajiye komai na tsawon mako uku zuwa huɗu. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙarfi da ƙamshi, sai basilin ko tsabtataccen man kaɗe. Ban da soso, ban da sabulun salo, ban da lemon tsami, dilka ma ta jira. Ranar da ruwan alwala ya daina yi miki zafi, to lokacin ne za mu fara maganar zaɓi.

Zaɓin ba wuya. Fuska mai maiƙo da ƙuraje asid ɗin salisilik take so, shi ne ake rubutawa BHA. Yana narkewa cikin mai, saboda haka yana iya kutsawa ramin gashi ya kwashe abin da ya toshe shi. Kashi 2 cikin ɗari ya ishe ki, dare biyu a mako da farko. Don tabo kuwa na fi son azelayik, kashi 10, ko mandelik. Gilaikolik da ake ta yayatawa shi ne mafi ƙanƙantar ƙwaya a dangin AHA, wato asid masu narkewa a ruwa da ke kakkaɓe matacciyar fata, yana shiga da sauri, shi ya sa ya fi saurin harzuƙa baƙar fata. Mandelik shi ma AHA ne, amma ƙwayarsa babba ce, a hankali yake tafiya. Kowane AHA za ki yi amfani da shi a gida kada ya haura kashi 10 a fuska. Kaushin damtse da cinya kuma ba ƙuraje ba ne, matacciyar fata ce ta toshe bakin gashi, kuma ya fi tashi da hunturu. Fatar jiki ta fi ta fuska kauri, tana ɗaukar man laktik mai kashi 10 zuwa 12 ko mai yuriya kashi 10, bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba. Kada ki kai na jiki fuska. Kada ki shafa ko wanne ranar da kika yi halawa ko aski. Mai ciki da wanda asfirin ba ya karɓarsa kada su shafe jiki da salisilik.

Yanzu bari in dawo kan maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato "daure, aiki yake yi". Babu makon da ba na jin ta a ɗakin duba marasa lafiya. Wa ya koya wa mutane cewa zafi shaidar magani ce? Asid ɗin kirki aikinsa shi ne sassauta ɗankon da ke riƙe matattun ƙwayoyin saman fata, su kakkaɓe kamar gari, ke kanki ba za ki gani ba. Fata da kanta tana sabunta samanta kusan kowane mako huɗu, taimaka mata kawai ake yi. Ɗan tsikari na minti ɗaya ko biyu ba laifi. Amma in kin ga fata na ɗayewa falle-falle kamar saɓar maciji, to rayayyar fata aka kashe. Hasken nan da kike gani a ƙasa ana ta yi miki barka, ɗanyen ciwo ne, irin wanda ke bayyana idan ruwan zafi ya zuba wa yaro. Mu kuma baƙar fata, ƙwayoyin da ke sarrafa launi a jikinmu da zarar sun ji kumburi sai su ƙara zubo launi. Ki haɗa wannan da ranar Zamfara, wadda a bazara take wuce digiri 40, ki ga abin da ya sami kumatunki. Garin neman gira ake rasa ido.

Kwanaki aka kawo mini wata amarya saura kwana huɗu ɗaurin aure, an lulluɓe ta da mayafi har ƙirji. Da gwaggonta ta yaye, goshi da kumatu sun yi jawur suna tsattsafo da ruwa, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin kamar ta yi lalle. Na ce ina man? Sai aka ciro wata tsohuwar gorar ruwa daga jaka, an ɗaure bakinta da leda, ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Gwaggon ta ce mini, "Ai oganik ne, Likita." Na tambaye ta kashi nawa ne asid ɗin ciki, ta ce mai haɗin ce ta sani. Na tabbata mai haɗin ma ba ta sani ba. Kwano ne da cokali a tsakar ɗaki.

Kuma ba asid kaɗai ake zubawa ba. Don a rufe kumburin, ana matsa tub na sitiroyid irin kilobetasol a ciki, maganin da mu likitoci muke rubutawa na ɗan lokaci muna ƙirga kwanaki. Shi ke sirantar da fata har korayen jijiyoyi su fito, ya kawo nankarwa da makero, in an daɗe ana shafe jiki da shi ya taɓa hawan jini da suga. Ga haidirokwinon, sinadarin hasken fata, wanda yawan shafa shi ke barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kunci da ba ya jin magani. Ga zaiba mai lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta hana haidirokwinon ya wuce kashi 2, amma doka tana takarda, kwalba tana WhatsApp ana turo ta a mota. Iyaye mata da gwaggwanni, ku ke biyan kuɗin nan, ku ke cewa a daure. Samarin da ke cewa sai fara, ku ma kuna da kamasho. Amana ce Allah Ya ba mu wannan fata, ba ƙwaryar da ake kankarewa ba ce.

Ke kuma ɗiyata, in kin fara, abu ɗaya za ki fara da shi, ki gwada a bayan kunne kwana biyu tukuna. Da safe man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyar da ake rubutawa a jikinsa, dole ne, domin AHA na ƙara wa fata jin rana har mako guda bayan an daina shi, kuma hijabi ba ya rufe kumatu. Ba zan yaudare ki ba, a wata uku tabon zai ragu amma ba lallai ya ɓace duka ba, irinsa kan ɗauki wata 6 zuwa shekara. In wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko kumburi, kada ki jira, ki je asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura. Ki tafi da kwalbar a hannunki, kada ki zubar, likitan zai so ya gan ta.